Tsutsar da ke Cikin Ƙashin Kifi: Ita Ma Allah ne Ya Yi Ta?

A gabas da ƙasar Ostareliya, cikin babban tekun Fasifik, akwai wani tsibiri da ake kira Sabuwar Kaledoniya, wanda yake hannun Faransa tun shekarar 1853. Duwatsun murjani sun kewaye shi kamar ganuwa. Murjanin nan dangin wanda matanmu suke ratayawa a wuya ne, kuma waɗansu ƙananan halittun ruwa ne suke gina shi a hankali, tsara bayan tsara. A tsakanin duwatsun akwai kifaye masu launi iri iri, ja da rawaya da shuɗi, waɗanda duk wanda ya gan su zai yabi Mahalicci ba tare da an tuna masa ba.

A shekarar 2004 wani masani Bafaranshe mai suna Jean-Lou Justine ya ba da labarin abin da ya samu cikin ɗaya daga kifayen nan, irin da masana suke kira Bodianus. Ƙasusuwan kifin suna ɗauke da baƙin tabo. Da ya sa a madubin ƙara girman abu, sai ya ga tabon tarin ƙwayaye ne na wata siririyar tsutsa, kowane ƙwai bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ya raɗa mata suna Huffmanela ossicola. Kalmar ta biyu Latinanci ce, ma'anarta mai zama cikin ƙashi. Uwar tsutsar takan zuba ƙwayayenta a cikin ƙashin kifi mai rai, su nuna a can, su yi baƙi. Ba su da ƙofar fita. Sai kifin ya mutu ya ruɓe, ko wani babba ya haɗiye shi, sa'an nan su warwatsu cikin ruwa. Wato rayuwar ƴaƴanta tana jiran mutuwar mai masaukinsu.

To, ya ɗan'uwa mai karatu, ga tambayar da ta kamata mu yi da tsoron Allah. Littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ne ya yi dukan abin da yake motsi cikin ruwa, ya kuma duba aikinsa ya ga yana da kyau. Shin tsutsar nan tana cikin lissafin? Hannun da ya zana launin kifin, shi ne ya shirya wadda za ta zauna cikin ƙashinsa?

Tambayar ba sabuwa ba ce, kuma ta girgiza manyan mutane. A shekarar 1860 Charles Darwin na Ingila ya rubuta wa abokinsa Asa Gray, masanin tsire-tsire a Amurka, cewa ya kasa yarda Allah mai alheri ya shirya da gangan wani ƙwaro, ɗan'uwan zanzaro, wanda ƴaƴansa suke cin tsutsar ganye daga ciki tana da rai. Gray mai bi ne, ya san abin da Darwin ya sani, bai kuwa bar bangaskiyarsa ba. Mutum biyu sun dubi abu ɗaya, suka rabu a kan ma'anarsa. Saboda haka kada mu yi tsammani madubin masana kaɗai zai yanke mana shari'ar.

Akwai amsoshi biyu masu sauƙi da nake so mu ajiye gefe. Ta fari ita ce a ce Shaiɗan ne ya halicci irin waɗannan abubuwa. Wannan amsa tana wanke sunan Allah a ganinmu, amma tana ba Shaiɗan girman da ba nasa ba. Mahalicci ɗaya ne. In muka yarda akwai wani da yake iya ƙaga rai, mun koma ga alloli biyu ke nan. Littafin Yunusa ma, a sura 4, ya nuna Allah da kansa ya sa tsutsa ta cinye tsiron da ya yi wa annabin inuwa. Amsa ta biyu ita ce a ce kowace wahala hukuncin zunubin mai shan ta ne. Kifin murjani wane laifi ya yi? A Yahaya sura 9 almajirai sun kawo wa Yesu irin wannan tunani game da mutumin da aka haifa makaho, ya kuwa ƙi shi.

Augustin, limamin ikkilisiyar Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekarar 430, ya bi wata hanya. Ya yarda a fili cewa dalilin halittar ƙudaje da tsutsotsi ya fi ƙarfin saninsa, amma ya ce yana ganin tsari da ma'auni a jikinsu. Ya kwatanta mu da baƙon da ya shiga wurin aikin gwanin sana'a. Ka ɗauki yaron da bai taɓa shiga maƙera ba. Ya ga awartaki da zugazugi da uwar maƙera, ya taɓa ƙarfe mai zafi ya ƙone, sai ya ce maƙerin mugu ne, kayansa kuma na banza ne. Ƙunar gaskiya ce, hukuncin yaron ne ya yi gaggawa.

Tsarin nan kuwa yana nan ga mai dubawa. Wata ƴar'uwar tsutsarmu tana zaune a kogin San Markos na jihar Teksas a Amurka, cikin jakar iskar kifi. Masana sun bi sawunta suka ga cewa in kifin ya mutu, waɗansu ƙananan halittun ruwa masu kama da jatan lande sukan haɗiye ƙwayayen, wani kifi ya haɗiye su, zagayen ya sake farawa. Ko ƙaramin mataki ɗaya ya kuskure, zuriyar ta ƙare. Abin al'ajabi ne, ko da yake ba mai daɗin ji ba ne.

Amma darasin da ya fi girma a wurina shi ne wannan: tsutsar ƙashin kifi ba ta san da mu ba. Ba ta kama mutum, ba ta kuma ciyar da shi. Ta yi zamanai tana zagayenta a ƙarƙashin teku kafin wani ya ba ta suna. Mun saba tambayar kowace halitta, mene ne amfaninki gare ni? In ba ta ba mu amsa ba sai mu ce kuskure ce. Sa'ad da Ayuba ya nemi dalilin wahalarsa, Ubangiji bai lissafa masa dalilai ba. Daga sura 38 zuwa 41 ya zagaya da shi cikin halitta, ya nuna masa ruwan da yake zuba a jejin da ba kowa, da jakin jeji, da jimina, da zakin da yake jiran abin farauta. Duniyar Allah ta fi gonar mutum faɗi ƙwarai, yawancin abin da ke cikinta kuma ba a yi shawara da mu a kansa ba.

Sai dai a nan akwai rami, kada mu faɗa. Wani zai ce, tun da Allah ne ya yi tsutsa, sai mu naɗe hannu mu bar ta. Mu mutanen ƙasashen nan mun san wata tsutsa daga wannan babban dangi, wato kurkunu. Mutum yakan sha ruwan tabki mai ɗauke da ƙananan ƙwarin da suka haɗiye ƴaƴanta. Bayan kamar shekara guda sai ta ɓullo a ƙafa, tsawonta yakan kai mita ɗaya, a riƙa naɗe ta a tsinke kwana da kwanaki, sau da yawa a tsakiyar damina, gona tana jiran mai ita. A shekarar 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ne take kamawa kowace shekara. Ba ta da allura, ba ta da ƙwayar magani. Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyi, da hana mai ciwo shiga tabki aka yaƙe ta, ƙauye bayan ƙauye, tare da taimakon mutane irin su Jimmy Carter da Yakubu Gowon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Kamaru ta rabu da ita a 2007, Nijar da Nijeriya a 2013, Gana a 2015. A shekarar 2023 mutum 14 ne kawai aka samu da ita a duniya duka, yawancinsu a Cadi.

Waɗanda suka yi wannan aiki ba su yi wa Allah tawaye ba. Manzo Bulus, a Romawa sura 8, ya kwatanta halitta duka da mace mai naƙuda, tana nishi tana jiran ranar ƴanci. Halitta mai kyau ce, amma ba ta kai inda za ta ba tukuna. Yesu kuwa bai tsaya ga gyara tunanin almajiransa game da makahon nan ba, ya buɗe masa ido.

Ga abin da na gani ke nan. A gaban tsutsar da ke cikin ƙashin kifi, wadda ba ta taɓa maƙwabcinmu, aikinmu tawali'u ne: mu duba, mu yi mamaki, mu bar wa Mai maƙera asirin kayansa. A gaban tsutsar da ke ƙafar maƙwabci, aikinmu ƙauna ne, ƙauna kuwa a nan ita ce rijiya mai murfi da ƙyalle mai tsabta. Mai bi yana iya riƙe duka biyu ba tare da zuciyarsa ta rabu ba, gama Allahn da bai bayyana mana dalilin kowace halitta ba ya bayyana mana sarai abin da za mu yi wa mai ciwo. Ubangiji ya ba mu hikimar gane wanne ne yake gabanmu, ya kuma ba mu hannun aikatawa.