Hasumiyar Gobarau: Shin Albarkar Wuri Tana Tashi Idan Aikinsa Ya Sauya?

 

Ya ɗan'uwa, idan ka tashi daga nan Sarkin Yamma ka tsallaka iyaka ka shiga birnin Katsina, ka nemi hasumiyar Gobarau. Ginin ƙasa ne mai tsawon kimanin mita 15, ragowar masallacin da ake danganta wa zamanin Sarki Muhammadu Korau. Ana ambaton Shehu Magili a tarihinsa. A nan aka yi Juma'a, a nan aka karantar da ɗalibai, har bayan jihadi, lokacin da Sarki Ummarun Dallaje ya gina sabon masallaci. Hasumiyar ta yi wani aikin kuma: daga kanta masu tsaro ke hango mayaƙa tun suna nesa. Mu mutanen ƙasar Maraɗi mun san kakanninmu na cikin masu kai wa Katsina hari a ƙarni na 19. Allah Ya gafarta wa kowane ɓangare. Yau kuwa ƴan makaranta da baƙi ne ke hawa suna ɗaukar hoto.

Wasu ikhwani na ganin wannan faɗuwa ce, wai wurin da aka daina sujada a cikinsa ya zama kango. Ni ban gamsu ba. Filin masallacin Madina wurin shanya dabino ne na wasu marayu biyu, har da kaburburan mushirikai a ciki. Ƙasar ba ta zo da darajarta ba, ambaton Allah ne ya ba ta. To abin da zikiri ya shuka, dakatar da sahu zai tumɓuke shi? Wanda ya hau hasumiya don ya tsare rayukan bayin Allah, shi ma ibada yake, in niyya ta gyaru.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne mai hawa ya sauko bai yi ko Fatiha ɗaya ga malaman da suka karantar a gindinta ba. Nan ne hasarar take, kuma tasa ce, ba ta ginin ba. Haka nake ji a duk lokacin da na ga an zo yawon buɗe ido tafkin Madarunfa, an gifta kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi ana ta hira, babu ko sallama.