Kyandir da Yardar Zuciya

A daren Asabar kafin Ista, Katolika sukan taru a ƙofar majami'a cikin duhu. Akan hura sabuwar wuta, sa'an nan firist ya ɗauki babban kyandir na kakin zuma, wanda aka zana wa gicciye, da Alfa da Omega, da lambar shekara. Yakan kafa masa ƙwayar lubban biyar, domin tunawa da raunukan Almasihu biyar. Daga wannan kyandir kowa yakan kunna nasa, har ɗakin sujada ya cika da haske. Wutar ba ta raguwa don an raba ta. Kakin ne ke ƙarewa. Saboda haka Ikilisiya ta ga a cikinsa misalin Wanda ya haskaka duniya ta wurin ba da ransa.

Amma bari mu yi hankali, 'yan'uwa, gama misalin yana da iyaka. Kyandir ba a shawartarsa. Wanda ya riƙe ashana shi ke da iko. Ubangijinmu kuwa ya nuna a fili cikin Yohanna 10:18 cewa ba ƙwace ransa aka yi ba, da yardarsa ya bayar. Ashe ba kowane narkewa ne hadaya ba. Mun san gidaje inda mace ɗaya take ɗaukar ruwa da itace da jinyar tsofaffi har ƙarfinta ya ƙare, sauran kuwa suna zaune cikin haskenta suna yabon haƙurinta. Wa ya tambaye ta? In mun kira wannan sadaukar da kai, lalle mun sa wa zalunci rigar ibada.

Dubi Maximilian Kolbe, firist ɗan ƙasar Foland. A 1941, a sansanin fursuna na Auschwitz, Jamusawa suka ware mutum goma su mutu da yunwa, don wani ya tsere. Ɗaya daga cikinsu ya yi kuka saboda matarsa da 'ya'yansa. Ba a zaɓi Kolbe ba, ba wanda ya roƙe shi. Shi ya fito daga layi ya nemi a musanya su. Bayan mako biyu aka ƙarasa shi da allurar guba, ran 14 ga Agusta. Mutumin nan da ya fansa yana nan a Roma a 1982, sa'ad da aka sa Kolbe cikin tsarkaka, ya kuma rayu har 1995.