A Kan Wa Sharaɗin Ya Hau?

Duk shekara, idan sakamakon jarrabawar WAEC da ta NECO ya fito, akan sami samari da 'yan mata a unguwannin Gombe, daga Jekadafari zuwa Pantami, daga Bolari zuwa Tudun Wada, waɗanda zukatansu suka karkata ga ilmin awon ido, suna fatan wata rana su zama masu duba ganin jama'a su rubuta musu tabarau, amma sai su iske an gindaya musu sharuɗɗa tun kafin su ga ƙofar makarantar: kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, sa'an nan maki mai yawa a jarrabawar JAMB, ko kuwa a bi ta IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, a shiga aji biyu kai tsaye. Wanda ya gaza sai a ce masa, "Tafi ka yi rimediyal." Wanda ya haye ta JAMB kuma shekara shida ke jiransa, a Jami'ar Bayero ta Kano, ko a ta Benin wadda ta fara koyar da wannan fanni a Nijeriya, kafin hukumar kula da masu awon ido da dokar 1989 ta kafa ta yi masa rajista. A Amurka ma haka abin yake, har ya fi, domin sai ɗalibi ya tara darussan share fage, wasu a kwalejojin shekara biyu saboda rahusarsu, kana ya nemi shiga karatun shekara huɗu.

Iyaye da yawa suna tambaya cikin ɓacin rai ko waɗannan sharuɗɗa adalci ne ko kuwa shinge ne kurum da aka kafa wa ɗan talaka. Tambayar ta cancanci amsa ta tsanaki, kuma malamanmu na usulu sun riga sun share mana hanyarta.

Cewa ilmi hawa-hawa ne, wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Almajirin zaure ba ya taɓa Risala sai ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ba ya kuma buɗe Askari sai Risala ta zauna masa. Nahawu da sarfu kuwa, ko da yake ba su ne abin nufi ba, babu mai tafsirin da ya isa ya raina su. Haka Fiziks yake ga mai awon ido, gama gilashin da zai rubuta lissafi ne tsantsa na yadda haske ke karyewa, ilmin da Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya shimfiɗa a littafinsa Kitabul Manaziri. Wanda bai san wannan ba, iyakarsa ya miƙa wa dattijo tabarau ɗaya bayan ɗaya har a dace, yadda ake yi a bakin kasuwa, alhali kuwa mai yiwuwa hawan jinin ido ne ke cin ganin bawan Allah a ɓoye, cutar da idan ta cinye jijiyar gani ba a iya mayar da abin da ya tafi. Don haka ni ban yarda a sassauta sharaɗin ba, ko kaɗan. Ido amana ne, mai riƙe shi kuma dole a jarraba shi.

Amma a nan ne magana take, domin fuƙaha'u sun raba sharaɗi gida biyu. Akwai sharaɗin wajabci, kamar nisabi ga zakka, wanda ba a ɗora wa mutum ya nemo shi ba. In ya samu zakka ta hau kansa, in bai samu ba babu laifi. Akwai kuma sharaɗin inganci, kamar alwala ga salla, wanda tilas ne mukallafi ya tashi ya samar da shi, bisa ƙa'idar nan sananniya da ke nuna cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma ya zama wajibi. To, kiredit ɗin Fiziks a wane gida yake?

Idan aka dubi yaro shi kaɗai, yana gida na farko, domin Allah bai wajabta wa wane ɗan wane ya zama likitan ido ba, kuma in ya yi iya ƙoƙarinsa bai samu ba, ya juya ga wata sana'a ba tare da zunubi ko kunya ba. Idan kuwa aka dubi al'umma, hukuncin ya sauya sarai. Imamu Gazali ya bayyana a cikin Ihya'u cewa ilmin likitanci farilla ce ta kifaya, wadda in babu mai tsayuwa da ita a gari, mutanen garin duka sun yi laifi, har ya koka da yadda garuruwa suka cika da masu fatawa alhali babu likita Musulmi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da ke kansa, ya wallafa littafi a kan maganin ciwon ido, abin da ke nuna shugabannin jihadin da Modibbo Buba Yero ya karɓi tuta a cikinsa ba su ɗauki wannan fanni wasa ba. Buƙatar kuwa a fili take: binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa a cikin masu shekara 40 zuwa sama, Arewa maso Gabas ce ta fi kowane yanki yawan makafi, kimanin kashi 6 cikin ɗari, kuma mafi yawan makantar irin wadda ake iya kaucewa ce ko a warkar.

Tun da samar da masu awon ido wajibi ne a kan jama'a, kuma ba za a same su ba sai ta hanyar waɗannan darussa, lalle ne malamin Fiziks ƙwararre a sakandaren ƙauye, da ɗakin gwaji mai kayan aiki, da kuɗin rimediyal na yarinyar da mahaifinta ba shi da hali, duk su shiga cikin wajibin. Abin da ke ci mini rai shi ne mun juya al'amarin: mun ɗora wa yaro nauyin da yake namu, muna kiransa malalaci in ya faɗi jarrabawar gwaji a kan na'urar da bai taɓa gani ba sai a zanen allo, sa'an nan mu da muke da wuyan ɗauka muka wanke hannu muka ce rabo ne. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba a kafa hujja da ita don barin farilla.

Gombe ta zama jiha a 1996, ta sami jami'arta a 2004, ga ta tarayya a Kashere tun 2011, ga kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya a cikin gari. Ashe rufin ya samu, harsashin ne ke neman gyara. Attajiranmu, Allah ya saka musu, ba sa jinkiri wajen gina masallatai da biya wa mutane kujerar Makka, sai dai ya kamata malaman da ke hawa mumbari ranar Juma'a su sanar da su cewa waƙafin da zai ɗauki albashin malamin kimiyya guda, ko ya biya wa ɗalibai goma kuɗin IJMB, sauke farilla ne da ke wuyan garin baki ɗaya, kuma za a tambaye su a kansa kamar yadda za a tambayi hukuma.