Lambun Gida da Haƙƙin Ruwa

Duk wanda ya tsaya a Mubi da hantsi ya dubi gabas, zai ga duwatsun Mandara sun yi wa garin katanga. Can arewa kuwa, a Sukur ta ƙasar Madagali, magabata sun jera duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni domin kada ruwan damina ya tafi da ƙasar noma. Wannan hikima tana cikin dalilan da suka sa UNESCO ta shigar da Sukur jerin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Mu ma yanzu mun fara kwaikwayo. Mai hali in ya gina gida, sai ya sa a jera masa duwatsu a farfajiya, wai tsauni ya shigo gida. Ba mu ga laifin wannan ba, domin ido ma yana da haƙƙi. Amma me muka kwaikwaya? Dutsen Sukur ruwa yake tarewa. Namu ado ne kawai, kewaye da ciyawar Turawa wadda sai an shayar da ita safe da yamma. A watan Maris, lokacin da kogin Yadzaram ya koma rairayi, maƙwabcinmu yana sayen jarka wurin ɗan ga-ruwa, mu kuwa muna ba ciyawa.

Tsamiya da kuka da kaɗanya, in sun kafu, ba su roƙon kowa ruwa da rani. Sai dai ba su da saurin girma, watakila shi ya sa muke ƙyale su, tunda jikoki ne za su sha inuwar.