Yoyon Fitsari Ga Dattawa Da Hukuncin Alwala

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa akan nemi dattijo a sahun farko a rasa, a yi zaton kasala ce, alhali wata larura ce yake jin nauyin faɗa. A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ɗan ƙullutu kamar goro, wanda likitoci ke kira furostet, yana kewaye da hanyar fitsari. In shekaru suka ja yakan ƙara girma ya matse hanyar. Sai fitsari ya riƙa fita da kyar, mutum ya yi ta tashi cikin dare, ko ya ga ɗigo bayan ya gama tsarki. Wajen rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi. Shi ba ciwon daji ba ne, ba sammu ba ne, ba kuwa alamar fasiƙanci ba.

To, ina hukuncin salla? A mazhabar Imamu Malik, idan yoyon yana lizimtar mutum rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. An dai so ya sabunta ta ga kowace salla in babu wahala, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya yi nuni cikin Risala. Idan kuwa jefi-jefi yake zuwa, sai ya sake alwala. Ya yi istibra'i a hankali, ya sa ƙyalle mai tare najasa, ya tafi masallaci, kada ya biye wa waswasi.

Amma rangwamen shari'a bai ɗauke neman magani ba, domin ya tabbata a hadisi cewa kowace cuta Allah Ya saukar mata da magani. Akwai ƙwayoyi, akwai aikin tiyata, kuma likita ne kaɗai zai rarrabe wannan da ciwon daji ta hanyar gwaji. Wanda fitsari ya tsaya masa cik, a kai shi asibiti nan take, don jinkiri yana lalata ƙoda.

Ku kuma 'ya'ya, ku lura da iyayenku. Tsoho ba zai buɗe baki ya faɗa ba. Ku ne za ku nemi hanya cikin ladabi ku kai shi.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa mu gama lafiya, amin.