Mun Sami Taswirar Gadon Saniya, To Ina Za Mu Nufa?

Duk wanda ya taɓa kwana a ruga a ƙasar Onklou, can cikin yankin Djougou a Jamhuriyar Benin, ya san makiyayi ba ya zaɓen bijimi da ka. Yakan tuna uwar bijimin da kakarsa: wadda ta yi nono har cikin rani, wadda ta yi ɓari sau biyu, wadda ta ci ciyawa a bakin rafi tsando bai kā da ita ba. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan sani tsoho ne. Littafin Farawa sura 30 ma ya ba da labarin yadda Yakubu ya lura da garken Laban, yana ware ƙarfafan dabbobi daga raunana a lokacin barbara.

A zamaninmu masana sun leƙa cikin abin da makiyayi yake hange daga waje. A cikin ƙwayoyin jikin saniya akwai igiyoyin gado guda 60, talatin daga uwa, talatin daga uba. A kan igiyoyin nan ne aka jera ƙwayoyin halitta masu tafiyar da launi, da girma, da yawan nono. A shekarar 1995 Michel Georges da abokan aikinsa suka nuna wuraren da suka shafi nono a kan igiyoyin shanun Holstein na Amurka. A 2002 aka gano ƙwayar da ake kira DGAT1 a kan igiya ta 14, wadda take da hannu a yawan man da yake cikin madara. A 2009 kuma aka bayyana dukan rubutun gadon wata saniya irin Hereford mai suna Dominette, aka ga ƙwayoyin halitta wajen 22,000. Yau ana iya tsinke gashin wutsiyar maraƙi a kai ɗakin bincike, a kimanta irin nonon da 'ya'yansa mata za su bayar tun shi kansa bai bar shan nono ba.

Kada mu yi saurin tsoron wannan ilimi. Matar da take sayar da cukun wagashi a kasuwar Parakou ta san abin da ƙarin ƙwarya ɗaya ta nono take nufi: kuɗin makaranta ne, kuɗin magani ne. Ilimin da zai ƙosar da yaro ba abin rainawa ba ne. Amma ga tambayar da ta dame ni. Masana suna cewa suna neman halayen da suke da amfani ga tattalin arziki. Amfani ga wa? A wace ƙasa? Har zuwa yaushe? Taswira takan nuna hanyoyi, amma ba ta zaɓa wa matafiyi inda zai nufa.

Bari mu dubi abin da ya faru ga waɗanda suka riga mu. A Beljiyam akwai wasu shanu masu tsoka ninki biyu, waɗanda mahauta suke so ƙwarai. A 1997 masana a Jami'ar Liège suka gano cewa ƙwayar da take tsai da girman tsoka ce ta lalace a cikinsu. Nama ya yi yawa, amma maruƙan sun yi wa uwayensu girma, har ya zama yawancinsu sai an tsaga ciki kafin a fito da su. A Amurka kuwa, wani bijimi mai suna Carlin-M Ivanhoe Bell ya yi suna domin 'ya'yansa suna da nono, aka baza irinsa a ƙasashe da yawa. Daga baya aka tarar yana ɗauke da cututtukan gado biyu masu kashe maruƙa. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Sai dai mu faɗi gaskiya: wannan ilimin ne dai ya tona cututtukan, ya ba da hanyar gwaji. Laifin ba na taswira ba ne, na haɗamar da ta dubi abu ɗaya ta rufe ido ga saura ne.

Yanzu mu komo gida. A arewacin Benin akwai shanun Somba, ƙanana marasa tozo, waɗanda mutanen duwatsun Atakora suke kiwo tun kaka da kakanni. Akwai kuma shanun Borgu, waɗanda suka fito daga haɗuwar marasa tozo da masu tozo irin na Fulani. Nononsu kaɗan ne, a kasuwa kuma ba su kai Bunaji ko Bokoloji kuɗi ba. Amma suna jure sammore, cutar da tsando yake kawowa, fiye da manyan shanu masu tozo. Da yake kowa yana son babbar saniya, ana ta sa musu manyan bijimai, jininsu yana ta narkewa a hankali. Iri kuwa in ya ɓace, babu ɗakin binciken da zai komo da shi.

Akwai darasi a binciken da aka buga a 2003 daga cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ƙasa da ke Nairobi. An haɗa shanun N'Dama masu jure sammore da shanun Boran na Kenya waɗanda cutar take kayarwa, aka bi sawun juriyar a kan igiyoyin gado. Ba a same ta wuri ɗaya ba, a warwatse take wurare da yawa. Abin mamaki, a waɗansu wuraren ƙwayar mai taimako daga Boran ta fito. Ashe har wanda aka raina yana riƙe da wani abu, ba mu kuwa san abin da za mu bukata gobe ba.

Wani zai ce: da sauƙi mai albashi ya ce wa talaka ya riƙe ƙaramar saniya saboda jikoki, alhali 'ya'yansa suna bukatar abinci yau. Wannan magana tana da nauyi. Ba daidai ba ne a mai da makiyayi mai gadin kayan tarihi ba tare da lada ba. Idan iri dukiyar jama'a ce, to nauyin kiyaye shi na jama'a ne. Gonar gwamnati ta Okpara kusa da Parakou, inda ake kiwon shanun Borgu, da Jami'ar Parakou da aka kafa a 2001, su ne irin wuraren da ya kamata su ɗauki wannan kaya. Za a iya amfani da taswirar a zaɓi mafi nono daga cikin shanun Borgu ɗin kansu, maimakon a shafe su. Hanyar tana da tsawo, amma ba ta cinye jari.

A ganina, kafin mu kira wani hali mai amfani, sai mu auna shi da ma'auni uku. Na ɗaya, dabbar za ta iya haihuwa, ta yi tafiya, ta rayu ba cikin azaba ba? Gama rai gare ta, ba injin madara ba ce. Na biyu, makiyayin da ba shi da kuɗin allura da dusa zai iya riƙe ta, ko kuwa sai mai hali kaɗai? Na uku, me muka bar wa waɗanda ba a haifa ba tukuna? Mu da muka gaskata an sa mutum a gona domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta, mun san garke amana ne.

Ya mai karatu, ko kana da saniya ko ba ka da ita, kana shan nono, kana cin nama, kana da baki a cikin maganar. Ranar da aka kawo babban bijimi garinku aka ce a fiɗiye ƙanana duka, ka tambaya cikin ladabi: wanne za mu bari domin shekarar da tsando zai yi yawa?