In Masu Gida Sun Ci, Wa Kike Tunawa?

'Yan'uwana mata, akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi a gidajen makoki, wanda nake so mu ɗan tattauna a kansa. In an yi rasuwa aka zauna karɓar gaisuwa, za ki ji kowa yana faɗin abin da ya sani game da mamaci. Wannan ta ce mutum ne mai haƙuri, waccan ta ce ba ya wasa da jam'i, wata ta ce shi ya biya mata kuɗin magani. To amma da wani zai kuskura ya ce, "Allah sarki, ga shi da son ƙwallo," sai ki ga an haɗe rai, ana harararsa ta wutsiyar ido, kamar wanda ya tona wa mamacin asiri. Tambayata ita ce, shin abin kunya ne a tuna mutum da abin da ya so tsawon rayuwarsa, don kawai abin nan sunansa wasa? Ni dai ina da amsata, kuma a gidanmu na samo ta.

Maza uku muka rasa a gidanmu cikin shekara goma sha biyar: Babanmu, da ƙaninsa Baffa, da Yayanmu. Halinsu ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Baba shiru-shiru ne, Baffa mai zafin rai, Yaya kuwa sarkin barkwanci. Abu ɗaya ya haɗa su, wato ƙungiyar Kano Pillars, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da "Sai Masu Gida".

Baba ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, atamfa yake sayarwa. Tun yana saurayi yake bin Raccah Rovers, wadda ta ɗauko wa Kano kofin gasar ƙasa a 1978, kuma ba ya gajiya da ba mu labarin wannan shekara. Da aka kafa Pillars a 1990, bayan an haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North sun zama ƙungiya ɗaya, sai ya tattara zuciyarsa ya koma can. Tun ana wasa a filin Sabon Gari yake zuwa, har aka dawo filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ranar da wasan ba a gida yake ba, sai ya shimfiɗa tabarma a soro bayan la'asar, ya kara rediyo a kunne, kowa ya san ba a aiken yaro wajensa sai an tashi. Umma ba ta taɓa taka filin ƙwallo ba, amma daga sallamarsa take gane sakamako. In ya ja sallamar da tsawo, to an ci. In kuwa ta ji ta a gajarce, sai ta ce mana, "Ku kai masa ruwa, kada wanda ya yi masa zancen kuɗin makaranta yau."

Akwai lokacin da saɓani ya shiga tsakanin Baba da Baffa a kan wata gonar gado. Abin ya yi tsami har dattawan unguwa suka shiga suka gaji. Kusan shekara biyu ba sa zama inuwa ɗaya, matansu ma suka rage shiga gidan juna. Amma duk ranar wasa, Baffa zai zo da Vespa ɗinsa ya tsaya a ƙofar gida, ba sallama ba magana, ya danna hon sau ɗaya. Baba zai fito ya hau baya, su tafi, su dawo, kowa ya shige gidansa. Ba zan ce miki ƙwallo ce ta raba musu gonar ba, daga baya malamai ne suka zauna suka raba yadda shari'a ta ce. Sai dai a wannan shekara biyun, igiyar zumuncin ba ta tsinke ba, saboda akwai zare ɗaya da ya rage yana riƙe da ita. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Su nasu a kan Vespa ya rayu.

Baba ya rasu a 2006, Allah ya jiƙansa. Shekara goma sha shida yana bin ƙungiyar nan bai ga ta ɗauki kofin gasar ƙasa ba. Sai a 2008 ta ɗauka karo na farko. Ranar gari ya ruɗe, 'yan acaɓa suna ta hon, yara suna zagaya unguwa da tuta mai rawaya da kore. Bayan magariba sai ga Baffa. Ya tsaya a soro ya kasa shigowa, sai Umma ce ta yafa mayafi ta fita. Ya ce, "Hajiya, abin da Yaya ya yi ta jira yau ya zo, shi kuma ba ya nan." Mutumin da ko ranar jana'iza bai bari an ga hawayensa ba, ranar ya zubar da shi. Umma ta ce, "Baffan yara, ai sai mu yi masa addu'a." Washegari da sassafe ya tafi maƙabarta, da ya dawo ya sa aka soya ƙosai aka raba wa almajirai.

Na san wata za ta ce, to wace riba Baba ya ci? Ya kashe kuɗin shiga fili, ya sha rana, ya sha ɓacin rai, kofin ma bai gani ba. Ba sabo turken wawa ba ke nan? Ni ba haka nake kallon abin ba. Mutumin da zai riƙe abu shekara goma sha shida ba tare da abin ya ba shi komai ba, ya nuna miki irin zuciyarsa. Da wannan zuciyar ya riƙe Umma lokacin da ta yi doguwar jinya, da ita ya riƙe abokan cinikinsa da kasuwa ta karye musu, yana ba su kaya bashi ana yi masa dariya. Hali zanen dutse ne, ba ya zama ɗaya a filin ƙwallo ya zama wani a cikin gida. In muka ce Baba mai son Pillars ne, mu da muka san shi mun san amana muke nufi.

Baffa shi ya ga zamanin daɗi. Ya ga 2009, lokacin da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, bayan an tashi 1 da 1 a wasan farko, aka je Alƙahira aka yi 2 da 2, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. Ya ga Ahmed Musa yana ɗan matashi ya zura ƙwallo 18 a kakar 2010 kafin ya tafi Turai. Ya ga kofi uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Kuma duk kofin da aka ɗauka, ba ya zarcewa gidansa sai ya biyo ta namu, ya gaishe da Umma, ya ajiye mata ɗan abin cefane, ya yi wa ɗan'uwansa addu'a. Ya rasu a 2016.

Yaya kuwa nasa darasin daban ne. A 2018 aka yi wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba. Pillars tana gaba da ci 3 da nema, kowa ya fara murna, sai Rangers ta Inugu ta farke duka ukun, aka je bugun fenareti ta ɗauke kofin. Ranar Yaya bai ci tuwon dare ba. Amma da gari ya waye sai ya saka rigar nan tasa rawaya ya fita kasuwa, abokai suna ta tsokanarsa yana tayar musu da dariya. Matarsa ta ce, "Haba, ko yau ɗaya ba ka cire ta ba?" Ya ce, "In na saka ta ranar daɗi na ɓoye ta ranar wuya, ke ma sai ki fara jin tsorona." Shekarar da ta biyo baya, 2019, ya bi mota har Kaduna ya ga an ɗauki kofin a hannun Niger Tornadoes da bugun fenareti. Allah ya karɓi abinsa a 2021, bayan 'yar gajeriyar jinya, ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Ba na so a ce na rufe ido a kan illar abin nan, domin so hana ganin laifi ne. Akwai magidancin da zai bar gida ba cefane ya tafi gidan kallo. Akwai wanda magariba za ta wuce shi yana gaban talabijin. Akwai wanda in an ci ƙungiyarsa, matarsa da 'ya'yansa ne za su biya bashin. Ga kuma caca da ta shigo ta wayar hannu tana cinye jarin samari. Ita kanta Pillars, a 2022 sai da aka kwashe mata maki saboda tarzomar wasu magoya baya, kuma a shekarar ta faɗo daga babbar gasa. Matar da ta sha irin wannan wahala, in ta ji sunan ƙwallo ranta ya ɓaci, ba wanda zai ga laifinta. Sai dai ki duba da kyau, 'yar'uwa. Wanda ya wulaƙanta iyalinsa saboda ƙwallo, ko babu ƙwallo zai sami wani dalilin. Filin wasa kamar kasuwa ne, kowa da halin da ya fito da shi daga gida yake shiga.

Akwai kuma masu cewa, me ƙwallo za ta amfana wa wanda ke kwance a kabari? Gaskiyarsu, ba abin da za ta amfana masa. Abin da yake buƙata addu'a ce, da sadaka, da biyan bashin da ya bari, da kula da marayunsa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ɗan Adam mai mantuwa ne. A yi sadakar uku, a yi bakwai, a yi arba'in, kowa ya kama gabansa. Bayan shekara biyar, sau nawa ake ambaton mamaci a gida? To mu a gidanmu, duk makon da aka buga wasa sai an ambace su. Ko a tasha na ji an ce Masu Gida sun ci, kafin na ankara bakina ya ce, "Allah ya jiƙan su Baba." Abin da zai riƙa ciro miki addu'a daga baki kowane mako, shekara da shekaru, ta yaya za ki raina shi?

Umma ta fi mu gane wannan. Tana cikin takaba, ranar wata Lahadi bayan la'asar, muka ji ta ɗauko rediyon Baba ta kunna a hankali. Ba ta san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba, ba ta san mece ce satar gida ba. Da muka tambaye ta sai ta ce, "Gidan ne ya yi shiru da yawa a lokacin da ba a saba ba." Tun daga nan ba ta fasa ba. In an tashi ta kashe, ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, sannan ta tambaye mu, "Wa ya ci?"

Ita ce kuma ta rarrashi babban ɗan Yaya a 2022, ranar da ya shigo yana kuka wai ƙungiyar babansa ta faɗi. Ta zaunar da shi ta ce, "Kai, share hawayenka. Kakanka shekara goma sha shida ya yi bai ga kofi ba, bai canza gida ba. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya." Yaron nan bai taɓa ganin kakansa ba, an haife shi bayan rasuwarsa, amma ta wannan hanya ya san shi. Da ƙungiyar ta koma babbar gasa a 2023, da kansa ya fasa asusunsa ya sayo alewa ya raba wa yaran layi, ya ce sadakar babansa ce da kakansa. Ba wanda ya koya masa, labarin Baffa ya ji ya kwaikwaya.

Saboda haka uwargida, da ke amarya, ga 'yar shawarata. In maigidanki ko mahaifinki ko ɗanki yana da abin da yake so irin wannan, matuƙar bai taɓa sallarsa ba, bai taɓa haƙƙinki ba, kada ki mayar da abin kishiya. In ya taɓa, ki yi magana, haƙƙinki ne, kuma ki nemi manya su shiga. In bai taɓa ba, ki bar shi da ɗan farin cikinsa. Mazanmu da yawa ba su iya buɗe baki su ce ina ƙaunarka ga ɗa ko ɗan'uwa ba, amma za su iya cewa, "Tashi mu je fili." Ki lura da yadda yake in an ci, da yadda yake in an sha kashi, domin wata rana 'ya'yanki za su tambaye ki wane irin mutum ne, kuma waɗannan ƙananan abubuwan su ne za su fi zama a ranki.

In kuma kin riga kin rasa naki, kada ki ji kunyar ajiye rigarsa a ƙasan akwati, kada ki ji kunyar faɗa wa jikoki cewa kakansu ya so ƙungiya kaza. Ki dai haɗa labarin da addu'a, ki haɗa shi da ziyarar 'yan'uwansa da suka rage, ki leƙa marayun da ya bari ko da sabulu ne a hannunki.

Allah ya jiƙan iyayenmu da mazajenmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya yafe musu kurakuransu, ya haskaka makwancinsu. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya bar mana masu tuna mu da alheri. Amin.